Baƙaƙen Haƙora Biyar da Ƙahon Sajan Zakiyyu

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Mai son dariya ya yi abarsa, ni dai yadda abin ya faru zan faɗa, don ban iya kwalliyar magana ba.

Sunana Abdulbaƙi, a Jikwoyi nake zaune, bayan layin masu gyaran janareta. Shekarata arba'in da bakwai. Fiyano nake bugawa a gidajen biki, daga Nyanya har Karshi babu zauren da ban ja wayar wuta a cikinsa ba. Matata ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Tun daga nan Yaya Suwaiba, wadda nake bi, ta mai da aurena sana'arta. Kullum saƙonta ne farko a wayata: "Ka karya? Wa ya dafa maka? Babu." Ita ke tambaya, ita ke ba kanta amsa.

Kafin mu je ga maganar mace, sai kun gane abu guda, in ba haka ba za ku ɓata a hanya. Fiyano tana da haƙora farare da baƙaƙe. Wanda ya koya mini kiɗa ya ɗora hannuna kan baƙaƙen nan biyar da farare guda biyu, ya ce, "Nan ne gidanka." Ni kuma mutum ne mai riƙe amana, ban taɓa fita daga gidan ba. Masu boko suna ce masa D fulat. In mawaƙi ya zo da murya sama ko ƙasa, akwai wani ɗan botin da ake kira taransifos. Sai in danna shi, inji ya ɗaga sautin ko ya sauke, yatsuna suna nan inda suke. Ba sata ba ce. Kamfani ne ya sa botin, ba ni na ƙera shi ba.

Illarsa ɗaya ce. In an ɗauke wuta, inji yakan manta abin da ka danna.

Haka ya faru a wani biki a Bwari. Mawaƙiya na tsakiyar yabon uwar amarya, wuta ta tafi, aka tada janareta, na ci gaba da kiɗana cikin ƙarfin hali. Ashe inji ya koma gidana, ya bar mawaƙiya can sama tana lilo ita kaɗai. Jama'a ba su damu ba, shinkafa suke ci. Mutum ɗaya ce ta taso. Doguwa, cikin atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan toka, tabarau a hanci, tana riƙe da robar zoɓo.

"Malam, ka yar da baiwar Allah a hanya."

"Ita ta yi nisa," na ce.

"Taki uku ta fi ka. Me ya sa ba ka bi ta da hannu ba?"

"Hajiya, hannuna ba ɗan acaɓa ba ne."

Ta yi dariya har zoɓon ya zube mata a takalmi. Sunanta Muhibba, bazawara ce, tana koyar da yara kiɗa a wata makarantar kuɗi nan Bwari. Jama'a, ni ba na cikin masu cewa zuciyata ta yi kaza ta yi kaza. Abin da na sani, na koma gida na jiƙa garin kwaki, na manta da shi a kan tebur har ya kumbura ya fi ƙarfin kwano.

Magana ta yi nisa tsakaninmu, har na ce zan turo manya. Sai ga saƙonta:

"Oga, akwai matsala. Na ba Baba labarin haɗuwarmu don ya yi dariya."

"Ya yi?"

"Bai yi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya goge ƙahonsa."

Mahaifinta, Sajan Zakiyyu, tsohon mai busa ƙaho ne a bandin sojoji, irin ƙahon nan na tagulla mai madannai uku. Ya yi ritaya ya zauna a Ushafa. A wurinsa duk makaɗin da ke danna taransifos daidai yake da direban da ke tuƙa mota da giya ɗaya. Na je gaishe shi da lemo da goro, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Bai kalli lemon ba.

"Kai ne mai botin?"

"Ni ne Abdulbaƙi, Baba."

"Na san sunanka. Gida nawa ka iya a fiyano?"

"Ɗaya, Baba. Amma na iya shi sosai."

"Goma sha biyu ne." Ya miƙo mini wata takarda da ya rubuta da hannunsa, layi biyar-biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. "Ƙarshen wata ka dawo da injinka. Ni zan busa wannan, kai ka raka ni, ba botin. In ka iya, ka turo manyanka. In ba ka iya ba, akwai wani malamin lissafi da ke ta zarya a ƙofar nan."

Da na ba Yaya Suwaiba labari ta tafa hannu ta yi salati. "Mu a garinmu lefe ake tambaya da asali. Yanzu kai jarrabawa za ka rubuta? Kai da ka gudu daga aji huɗu ta taga?"

"Ta ƙofa na fita, Yaya."

"To wannan karon ko ta rufi ne sai ka shiga. Na riga na gaya wa mutanen gida ka samu mata."

Haka na koma ɗalibi da furfurata. In an tashi yara, sai mu zauna a barandar makarantarsu, mai gadi yana nesa kaɗan yana sa mana ido yana cin gyaɗa. Muhibba ta ɗora yatsa a farkon takardar, inda wasu alamomi uku suke tsaye kamar ƙananan ludaya.

"Waɗannan fulat ne, guda uku. Su ke gaya maka gidan da za ka shiga. Fulat uku, E fulat ke nan. Duk inda ka gamu da B ko E ko A a cikin waƙar, ka sauka kan baƙin haƙorin da ke hagunsa."

"Me ya sa ba za su rubuta a kowane wuri ba?"

"An faɗa maka sau ɗaya a bakin ƙofa. Mai gidan hayarku kullum yake zuwa ya ce kar a yi shanya a kan katanga?"

"Kullum yake zuwa."

"To wannan mai gidan yana da aikin yi."

Sannan ta koya mini sikel, wato do re mi fa so la ti do. Wai matakala ce mai hawa bakwai, na takwas ya dawo da kai do na sama. In kana ƙirga haƙora fari da baƙi gaba ɗaya, tafiyar ita ce taki biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Ko daga wane haƙori ka fara, in ka yi wannan tafiyar, do re mi za ta fito. Shi ya sa gidajen suka zama goma sha biyu.

Na ce, "Wato waƙar ɗaya ce, wurin farawa ne daban?"

"Yauwa!"

"To ai abin da botina ke yi ke nan. Wahalar ta mece ce?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Malam Abdulbaƙi, aurena kake so ko gardama?"

Na ɗora hannu a kan fiyano. E fulat yana da baƙaƙe uku da farare huɗu. Farare huɗu, jama'a! Yatsuna ba su san su ba. Ina hawa lafiya, do, re, da na zo mi sai ɗan yatsana na tsakiya ya zame ya koma kan baƙi, kamar akuyar da aka sayar ta tsinke igiya ta koma gidan tsohon mai ita. Muhibba ta samo rula. Ba ta taɓa dukana da ita ba, ajiye ta kawai take yi kusa da hannuna, yatsan ya shiga hankalinsa.

A gida ma ban huta ba. Saƙon murya take turo mini da asuba: "Biyu, biyu, ɗaya, Oga. Turo in ji." In buga in tura. Amsa ta dawo: "La ɗinka ya karkace." Maƙwabciyata Maman Lydia ta buga mini ƙofa ta ce, "Oga Baƙi, dan Allah waƙar nan ba ya da gaba ne? Kullum hawa, sauka, hawa, sauka, yarona ya fara yi a cikin barci." Har masu gyaran janareta suka koya, in na wuce sai su bi ni da fito.

Amma na iya. Ina faɗa da babbar murya, na iya E fulat, na haddace waƙar tsohon tun daga kai har wutsiya.

Ranar jarrabawar na sa shaddata ruwan madara wadda ban taɓa kai ta gidan biki ba, da hula zanna, na fesa turaren da Yaya ta ce na masu aure ne. Ita kuma ta ce ƙafarta ƙafata. Ta sha leshi ruwan goro da gwaggwaro kamar ita ce za a gani, ta rungume fiyano a bayan tasi tun daga Jikwoyi, ta cikin cunkoson Nyanya, har Ushafa, tana yi mata addu'a tana tofawa.

Gidan Sajan tsaf yake kamar bariki. An share tsakar gida har sawun tsintsiya ya fito layi-layi, tukwanen ƙasa na furanni a jere bisa tsawo, kujerun roba huɗu a ƙarƙashin mangwaro. Tsohon ya fito cikin farin kaftani, ya maƙala lambobin yabonsa a ƙirji, ƙaho yana walƙiya a hammata. Tare da shi akwai wani gajeren tsoho mai ƙaton gashin baki, Ɗangoggo, abokinsa, wanda ya yi masa kiɗan ganga a bandi. Muhibba tana ɗaki, labule kawai nake gani yana motsi a taga.

Sajan ya sa na nuna masa botin. Ya ciro baƙin salatif ya liƙe shi, ya ƙara wani a gicciye. Sannan ya ce, "Kofur Ɗangoggo!"

"Sa!"

"In hannunsa ya doshi wurin nan, ka san aikinka."

Ɗangoggo ya zaro sandar ganga daga aljihu ya tsaya a kaina. Ya raɗa mini, "Kar ka ji haushi, ɗana. Oda ce."

Sajan ya buga ƙafa a ƙasa, muka shiga tare.

Jama'a, na taɓa jin tirela ta taka birki a gangaren Karu, na taɓa jin kuliyoyi biyu suna faɗa a kan kwano. Duk kiɗa ne a kan abin da ya fito daga tsakar gidan nan. Ni ina kan takarda, ɗigo bayan ɗigo, ban kuskure ko ɗaya ba. Shi ma kumatunsa sun cika, yatsunsa na tafiya daram. Amma sautin nawa da nasa kamar an haɗa mutum biyu a ƙofa ɗaya kowa na son fita. Kajin gidan suka bi ta ƙarƙashin ƙyaure. Wata mata ta leƙo ta katanga da yumɓu a hannu ta ce, "Baba, lafiya? Wani abu ya kama akuya?" Yaya Suwaiba ta ja gwaggwaro ta rufe kunnuwa tana "Hasbunallahu."

Tsohon ya sauke ƙaho. Idonsa ya yi ja.

"Me kake bugawa?"

"Abin da ke takarda, Baba."

"Ƙarya kake!"

"Baba, ni ba na ƙarya. E fulat ne, baƙaƙe uku, farare huɗu. Ko a gaban alƙali zan buga shi."

Yaya ta taka mini ƙafa da takalminta mai tsini. Ɗangoggo ya ce, "Sa, a ƙara masa harsashi ɗaya. Ko a fareti in an kuskure ana sakewa."

"Sau ɗaya," in ji Sajan. "Zan sha ruwa in dawo. In ka sake yi mini wannan ɓarnar a gida, ka ɗauki injinka da yayarka."

Yana shiga ɗaki wayata ta yi ƙugi a aljihu. Muhibba ce, saƙo na bin saƙo.

"Innalillahi, laifina ne."

"Takardar ƙaho ce ya ba ka, ba ta fiyano ba. Ban lura ba."

"Irin ƙahonsa in ya busa abin da ke rubuce, sautin ƙasa yake fitowa da taki biyu. Haka aka ƙera shi."

Na rubuta, "Wato ƙahon ma taransifos gare shi?"

"A cikin cikinsa. A bandi kowa takardarsa daban ake ba shi, Baba bai taɓa busa da fiyano ba."

"Bari ya fito in gaya masa."

"Abdulbaƙi."

Ba ta taɓa kiran sunana haka tsirara ba, ba Malam ba Oga.

"In ka faɗa masa a gaban Baba Ɗangoggo, ko shi ya yarda ni na fasa. Sauka taki biyu kawai ka bi shi."

Na dubi botin, na dubi sandar Ɗangoggo. Sauka da me? Da ƙyar na koyi gida na biyu, yanzu a ce in ƙaura zuwa na uku kafin tsoho ya gama shan ruwa? Na ɗora babban yatsa a kan E fulat, zufa na bin bayana tana ɓata shadda. Na matsa hagu taki ɗaya, fari. Na ƙara ɗaya, baƙi.

Na tsaya ina kallon haƙorin nan. Har ya ɗan lotsa a tsakiya saboda yawan dannawa. D fulat. Gidana.

Wato duk rular nan, duk saƙon asuba, duk fiton masu janareta, ashe tsohon nan tun yana saurayi a cikin gidana yake busa, shi bai sani ba, ni ban sani ba.

Ya fito yana goge baki. Ya buga ƙafa. Muka shiga.

Ba yabon kai ba, amma ranar na yi kiɗa. Hannun hagu na ba shi ƙasa, na dama na bin ƙahon kamar inuwa, inda ya ja numfashi in cike masa gurbin da 'yan kwalliya. Na kafe idona a kan takarda don ya ga kamar karantawa nake. Tsohon ya lumshe ido, ya miƙe tsaye, ya fara taka ƙafa hagu dama. Ɗangoggo ya manta da gadi ya juya kujerar roba yana kaɗa ta da sanda. Mai yumɓu ta kira 'yan uwanta suka jeru a katanga. Yaya Suwaiba ta rangaɗa guɗa a gidan surukan da ba su zama surukai ba tukuna. Waƙar ta ƙare, ya sake ɗaukowa daga farko, muka sake, har leɓensa ya gaji don kansa.

Ya zauna yana haki, lambobin ƙirjinsa na kaɗawa. Ya nuna ni da ƙaho.

"Ɗangoggo, ka ji E fulat?"

"Na ji, Sa. Tsantsa."

"Da farko tsoro ne ya kama shi." Ya juyo gare ni. "Kai, ka ga amfanin karatu? Ka ga yadda kiɗa ke fita in mutum ya rabu da injin ƙarya ya bi takarda?"

Ku da kuka san ni, kun san ban taɓa haɗiye magana ba. Na taɓa gaya wa ango a ranar aurensa cewa rawarsa ba ta da kyau. Maganar taransifos ɗin ƙahonsa ta taso mini tun daga ciki, ta zo maƙogwaro, ta tsaya a bayan haƙora. Labulen taga ya buɗe kaɗan, na hango tabarau.

"Na gani, Baba," na ce.

"Ƙara faɗa, Kofur bai ji ba."

"Na ga amfanin karatu, Baba."

"Madalla. Ka turo manyanka ranar da kuka shirya. Na ba ka."

Yaya ta faɗi a gwiwa tana godiya tana kuka, gwaggwaro ya tuɓe ya gangara cikin tukunyar fure. Ni ma na durƙusa. Ina nan a durƙushe sai na ga tsohon ya zura hannu a aljihun kaftani ya zaro wata takardar.

"Tunda abin ya yi kyau haka, ranar ɗaurin aure ni da kai za mu buɗe taro. Zan gayyato duk 'yan bandinmu da suka rage. Wannan mai sauƙi ce, shaf biyu kawai."

Na karɓa da hannu biyu. Wannan karon ba ludaya ba ne a farkon takardar, wasu alamomi biyu ne kamar ƙananan tsani, su ne shaf ɗin.

A cikin tasi, fiyano a cinyar Yaya, na ɗauki hoton takardar na tura wa Muhibba. "Shaf biyu wane gida ne?"

"D. Amma kai sai ka sauka taki biyu."

"Ina zan faɗa?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Sai ga saƙon murya. Na kara a kunne, dariya ce zalla, har tana tari. Can ta samu ta ce, "C ne, angona. Wanda nake fara koya wa 'yan aji ɗaya. Farare bakwai, babu baƙi ko ɗaya."

Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu. "Me amarya ta ce?"

Na dubi yatsuna goma a kan cinyata, na ce, "Cewa ta yi ran Litinin in zo da wuri, za ta sama mini benci a gaba."